Ciwon Damuwa a Wurin Tsofaffin da Ake Jinya: Tambayoyi da Amsoshi kan Maganin da Ba na Haɗiya Ba

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu kula da tsofaffi a Katsina da Daura, wato ma'aikatan gidajen gajiyayyu, da masu jinya a asibiti, da 'ya'ya da surukai da ke riƙe da tsoho ko tsohuwa a cikin gida. Yawancin binciken da za a ambata an yi shi ne a Amurka da Ingila, inda gidajen kula da tsofaffi suke da yawa. Mu a nan galibin tsofaffinmu suna hannun iyalansu. Amma ɗakin da tsoho ke wuni ya kwana shi kaɗai, na gwamnati ne ko na ɗansa, ciwon da ke samun sa a ciki duk ɗaya ne.

Tsohuwarmu ta rage magana, ta rage cin abinci, kullum tana kwance. Ba tsufa ne kawai ba?

Tsufa na rage gani da ji da ƙarfin gwiwa, amma ba ya cire wa mutum marmarin ganin jikokinsa. In tsohuwar da aka sani da son hira ta koma juya wa mutane baya, barci ya ƙaurace mata ko ya yi mata yawa, abinci ya fita ranta, tana yawan cewa ta zame muku kaya, kuma aka yi makonni biyu ko fiye a haka kusan kullum, to a yi zaton ciwon damuwa ne.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne tsofaffinmu ba su cika cewa "ina cikin baƙin ciki" ba. Sai dai ka ji "jikin nan ba daɗi", "kaina ya yi nauyi", "bakina ba ɗanɗano", "wani abu na yi mini yawo a jiki". A kai ta kemis a sayo maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, a sha, abin yana nan.

Kuma ciwon ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bincika tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Yarabawa, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2007. Sun samu kusan kashi 7 cikin 100 sun yi fama da matsananciyar damuwa a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin ta a rayuwarsa. Waɗannan fa mutane ne da ke zaune cikin danginsu.

Wane irin magani ne wannan da ba ƙwaya ba allura?

Shi ne a mayar wa mutum da ayyuka da harkokin da ke sanyaya masa rai ko suke sa ya ji yana da amfani, kaɗan-kaɗan, bisa tsari, tun kafin ransa ya so yin su.

Tushensa na komawa ga wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Lewinsohn na Jami'ar Oregon a Amurka, a shekarun 1970. Abin da ya lura da shi mai sauƙin fahimta ne. In abubuwan da ke faranta wa mutum rai suka ragu a rayuwarsa, ransa zai ɓaci. In ransa ya ɓaci zai janye jiki daga mutane da aiki. Janyewar kuma sai ta ƙara rage masa abin farin cikin da ya saura, ya ƙara nutsewa. Haka abin zai yi ta zagayawa. Mai damuwa yana jira sai ya ji daɗi kafin ya tashi, alhali daɗin ba zai zo ba sai ya tashi. Don haka wannan magani ba ya farawa da lallashin zuciya ko gardama da tunanin mutum. Daga hannu da ƙafa yake farawa, zuciya ta biyo baya.

Me ya sa zama a gidan gajiyayyu, ko kwanciyar jinya a gida, ke jawo wannan ciwo?

A duba abin da tsoho ke rasawa a lokaci guda. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana fita kasuwa, ko yana zama a dakalin ƙofar gida bayan La'asar ana gaishe shi, ana kawo masa ƙarar rikicin gado da na aure, yau ya koma wani ne ke yanke masa lokacin wanka da abin da zai ci. Sa'o'insa sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Masallacin da yake zuwa sau biyar ya gagare shi. Ba wanda ke neman shawararsa. In a gidan gajiyayyu ne, ga baƙunta, ga zama cikin mutanen da bai sani ba, ga tunanin cewa nasa sun yar da shi, ko da ba haka abin yake ba.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muke yi, da kyakkyawar niyya, wanda nake ganin ya fi kowanne ɓarna. Tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, a yi maza a karɓe: "Haba Inna, muna nan za ki yi shara?" Ta jawo faifai za ta gyara wake, jika ta amshe. Baba ya ce zai leƙa awaki, a ce "Baba ka zauna ka huta, yara za su yi." Muna yin haka ne don biyayya, da kuma gudun kada maƙwabta su ce mun sa tsoho aiki. To amma a ƙarshen wuni me aka bar masa? Tabarma da bango. Mun ɗauke masa wahala, mun haɗa da dalilin da ke tashin sa da safe. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma tsofaffinmu da yawa mu muka zaunar da su.

Ba ana nufin a bar tsohuwa da daka ko ɗibar ruwa ba. Ana nufin a bar mata rabonta na rayuwar gidan, daidai ƙarfinta.

To ta ina za mu fara?

A fara da kallo. A ɗauki mako guda ana lura da yadda wuninsa ke tafiya: yaushe fuskarsa ke sakewa, yaushe yake ƙara shiga ƙunci, wa yake amsa wa magana, wa yake yi wa shiru. Wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya riƙa rubutawa a ɗan littafi.

Sannan a zauna da shi a tambaye shi rayuwarsa ta da. Wace sana'a ya yi? Me yake yi bayan Asuba? Wane shiri yake saurare a rediyo? Su wa yake hira da su? In ba ya son magana, a tambayi ƙanwarsa ko tsohon abokinsa. Daga nan a zaɓi abu biyu ko uku kacal, ƙanana, waɗanda kusan tabbas zai iya. A sa musu lokaci tsayayye, kuma mafi sauƙi a jingina su da lokutan salla, tunda da su tsofaffinmu ke auna wuni: bayan Azahar kaza, bayan La'asar kaza. A kuma san wanda zai ɗauki nauyin kowanne, da sunansa. Abin da aka bar wa "yara" ba ya yiwuwa.

Bayan an yi, a tambaye shi yadda ya ji. A ƙarshen mako a duba littafin. Abin da ya karɓe shi a ƙara, wanda bai karɓe shi ba a canza, wanda bai yiwu ba a nemo abin da ya hana. Sau da yawa cikas ɗin ƙarami ne: batirin rediyo ya ƙare, tabarau ya karye, babu kujera a inuwa, ko yana jin kunyar fita saboda fitsari na kufce masa.

Waɗanne ayyuka ne suka dace?

Wanda mutumin yake so, ba wanda mu muke ganin ya kamata ya so ba. Wannan shi ne sharaɗin.

Ga mata, akwai tsince shinkafa, ɓarar gyaɗa, tsigar zogale ko rama, saƙar faifai, kaɗi ga wadda ta taso da shi, kitso da lalle, riƙon jariri na ɗan lokaci, tatsuniya ga jikoki da dare. Ga maza, tufkar igiya, ɗinkin hula in ido na gani, watsa wa kaji ko tantabaru tsaba, dara da tsohon aboki, aski, shan hantsi a ƙofar gida lokacin hunturu. Wanda ya yi karatun allo a kawo masa yaro ya biya masa hadda yana gyara masa. Tsohon manomi a kawo masa zangarniyar gero ya duba ya faɗi ra'ayinsa kan damina. Tsohon ɗan kasuwa a riƙa ba shi labarin farashin hatsi da dabbobi a Mai'aduwa ko Charanci, za ka ga ya gyara zama.

Kiran waya ma aiki ne. A tsayar da rana da ɗa ko 'yar da ke Kano ko Abuja za su kira, kada ya zama sai an tuna. Fita kuma, ko sau ɗaya a wata, tana da tasiri: a kai shi Juma'a a keken guragu, ko suna a dangi, ko a zaunar da shi inda zai hangi hawan Salla a Ƙofar Soro, ko hawan Sallar Gani in a Daura ne.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne aikin da wani ke amfana da shi. Nishaɗi na da kyau, amma tsohon da ya san ana jiran igiyar da yake tufkawa don a ɗaure akuya ya fi wanda aka kunna wa talabijin aka fita samun sauƙi.

Mun gwada, ta ce ba ta so. Mu tilasta mata?

A'a. Amma kada a ɗauki "ba na so" a matsayin ƙarshen magana, don ciwon ne da kansa ke kashe so. Yadda ake yin tayin ya kamata a canza. In ka ce "Gwaggo, kina son fitowa tsakar gida?" amsar a'a ce. Gwada cewa "Gwaggo, zo ki duba mini kukar nan, ban san ko ta isa ba." Tsofaffi na ƙin a taimake su, amma da wuya su ƙi taimaka wa nasu. Sai dai buƙatar ta zama ta gaskiya, don suna gane wasan yara, kuma yana yi musu ciwo.

In ta ƙi, a rage girman abin. Ba ta iya fitowa tsakar gida ba, ta zauna bakin ƙofa minti biyar. Wannan ma ya gagara, a ɗaga labule a zauna kusa da ita ana gyaran wake, a ajiye faifan inda hannunta zai kai. Gobe a sake dawowa a lokacin da aka saba, ba faɗa, ba gori, ba "kin ga yadda kike wahalar da mu". In ta yi, ko kaɗan ne, a nuna an gani: "Sannu Gwaggo, kin rage mini aiki."

Akwai shaidar cewa wannan na aiki, ko dai dabara ce kawai?

Akwai. A 1996 Neil Jacobson da abokan aikinsa a Amurka sun gwada wannan ɓangare na dawo da ayyuka shi kaɗai, suka samu yana rage damuwa daidai da cikakken maganin tattaunawa da ke gyara tunani.

A gidajen kula da tsofaffi kuwa, Suzanne Meeks ta Jami'ar Louisville a jihar Kentucky ta tsara wani shiri mai suna BE-ACTIV. Makonni 10 ake yi, ƙwararre na zama da tsoho sau ɗaya a mako, su tsara abubuwan da zai yi, ma'aikacin gidan ya tabbatar an yi su. A sakamakon da aka wallafa a 2015, wajen kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka bi shirin sun warware a ƙarshensa, alhali a cikin waɗanda aka bari da kulawar yau da kullum kashi 15 ne. Mutanen da aka gwada ba su kai 100 ba, don haka ƙaramin bincike ne. Kuma a lura, fiye da rabi ba su warware gaba ɗaya ba. Magani ne mai amfani, amma ba kowa yake isa ba.

Dole sai likitan ƙwaƙwalwa ne zai yi shi?

Wannan ne ya sa hanyar ta dace da mu, don likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, balle a Arewa. A Ingila, wani bincike da David Richards na Jami'ar Exeter ya jagoranta, aka wallafa a 2016, ya nuna ƙananan ma'aikatan lafiya da aka ba ɗan horo sun samu sakamako daidai da na ƙwararru, da kuɗi ƙasa da wajen kashi 20 cikin 100. A jihar Goa ta Indiya, Vikram Patel da tawagarsa sun horar da mutanen gari waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba, aka ga amfani. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci kusa da asibiti suna taimaka wa masu damuwa warware matsalolinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan hanya cikin jagoran da ta tanadar wa ma'aikatan lafiya na matakin farko.

Amma a fara kai tsoho asibiti a duba shi tukuna. Ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar maƙoƙo, ciwon gaɓɓai da ba a kula da shi ba, yanar ido, toshewar kunne, da illar wasu magunguna, duk suna iya kama da damuwa ko su ƙara ta. Tsohon da ba ya ji ba zai shiga hira ba, komai tsarin da aka yi masa.

Babanmu yana da gigin tsufa, ba ya tuna abin da ya yi ɗazu. Zai amfana?

Zai amfana. Linda Teri ta Jami'ar Washington da ke Siyatil ta yi gwaji a kan masu ciwon mantuwa da ke fama da damuwa, aka wallafa a 1997. Masu jinyarsu na gida aka koya wa hanyar, cikin makonni tara. Damuwar marasa lafiyan ta ragu, ta masu jinyar ma ta ragu, kuma sauƙin yana nan bayan wata shida. Wannan binciken ya fi kusa da halinmu, tunda a gidajensu suke, a hannun iyalansu.

Mai gigi na iya manta cewa jikarsa ta zo, amma sanyin ran da zuwan nata ya bari yana daɗewa. Abin da hannu ya saba da shi tun ƙuruciya, da surorin da aka haddace, da waƙoƙin da, su ne ke jimawa ba su ɓace ba. A sauƙaƙa aikin, mataki ɗaya a lokaci guda, kuma a daina yi masa jarrabawa da "Baba, wane ne wannan? Ka gane shi?"

Ke nan a daina ba shi maganin asibiti?

Kada a tsayar da maganin da likita ya rubuta sai da saninsa. In damuwar ta yi tsanani ana haɗa biyun ne. Ƙwayoyin damuwa kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma jikin tsoho ba ya ɗaukar su kamar na yaro. Amitiriftilin, wanda ake yawan samu saboda araharsa, na iya jawo wa tsoho jiri, faɗuwa, ruɗewa, taurin bayan gida da riƙewar fitsari. Maganin barci irin su diyazefam da ake saya a kemis ba ya maganin damuwa, yana dai ƙara haɗarin faɗuwa da karaya. Ga masu ciwon mantuwa kuma, wani babban gwaji da Sube Banerjee ya jagoranta a Ingila a 2011 ya samu cewa biyu daga cikin ƙwayoyin da aka fi rubutawa ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani ba, ga kuma illa. Shi ya sa a wurinsu ake son a fara da hanyar da ba ta ƙwaya ba.

Wasu na cewa damuwa raunin imani ce, addu'a kawai za a yi.

Wannan magana na ƙara wa tsoho nauyi a kan nauyi. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiran ta a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. A yi addu'a, a kuma nemi magani. Ibada ma na cikin manyan abubuwan da ake dawo wa tsoho da su: a taimaka masa da alwala a kan lokaci, a kunna masa tafsirin malamin da yake so, limamin unguwa ya riƙa leƙo shi, a ba shi 'yan kuɗi ya yi sadaka da hannunsa.

Wanda ya shanye, ko ya makance, fa?

Ana kawo masa duniya inda yake. A juya gadon ya fuskanci ƙofa, a riƙa cin abinci a ɗakinsa, a shafa masa mai da turaren da ya saba, a sa masa rediyo inda hannunsa mai lafiya zai kai ya murɗa da kansa. A bar shi ya zaɓi rigar da zai sa da abin da zai karya da shi. Makaho na iya ɓarar gyaɗa, yana iya jan carbi tare da wani, yana iya sasanta yara.

Mu ma'aikata ne kaɗan, tsofaffi da yawa. Ina lokacin?

Gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci ɗaya abin da ya fi ƙarfinsa. Amma yawancin abin ana saka shi ne cikin aikin da dama ake yi. Lokacin wanka a yi hira da sunansa da tarihinsa. Tsofaffin su ci abinci tare maimakon kowa a ɗakinsa. Mai sauran ƙarfi a ba shi nauyin raba goro ko kiran salla. Ƙungiyoyin agaji da 'yan Islamiyya da ke kawo buhun shinkafa da azumi, a roƙe su wani abu daban: mutum ɗaya ya ɗauki tsoho ɗaya, ya riƙa zuwa kowane mako a rana tsayayya. Wannan ya fi taron hoto sau ɗaya a shekara nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haƙƙi a kan hukuma. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Horar da ma'aikatan gidajen gajiyayyu kan wannan hanya abu ne mai arha da ya kamata a nema daga gwamnatin jiha.

Tsohon da rikicin 'yan bindiga ya koro daga ƙauye, shi ma haka za a yi masa?

Tsofaffin da suka baro yankunan Batsari, Jibiya, Safana ko Faskari suka dawo wurin dangi a birni sun rasa gona, dabbobi, maƙwabta, wasu har da 'ya'ya. Hanyar za ta taimaka musu, musamman in aka haɗa su da mutanen garinsu, aka samar musu ɗan abin kiwo ko 'yar shuka a bayan ɗaki. Amma in akwai firgita cikin barci, razana da ƙarar babur, ko ganin abin da ya faru na dawo masa, wannan na buƙatar ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani.

Yaushe za a ga sauƙi, kuma yaushe ne abin ya wuce na gida?

A ba shi makonni, kamar takwas zuwa goma ana yi ba fashi. Sauƙin na farawa da ƙananan alamu: ya tambayi wani, ya cinye tuwonsa, ya yi ƙorafin an makara da shayi. In an samu sauƙi kada a saki tsarin, don ciwon na dawowa in ɗaki ya sake yin shiru. In an yi wata guda ba wani motsi, a koma wurin likita.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: tsoho ya daina ci da sha, ko yana maganar kashe kansa ko yana tara ƙwayoyi, ko yana jin muryoyi, ko ya haƙiƙance cewa ya yi wani zunubin da ba za a yafe ba. In ya ce "gara in mutu in huta", a zauna a tambaye shi kai tsaye abin da yake nufi. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. A kwashe magunguna, fiya-fiya da sauran maganin ƙwari daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai. Haka nan ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ba damuwa ba ce, galibi wata cuta ce a jiki kamar ciwon fitsari ko na huhu, kuma ta gaggawa ce. A nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin tarayya da ke Daura, ko asibiti mafi kusa. In ana buƙatar ƙwararru na musamman, daga can za a iya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko na Kware a jihar Sakkwato. A tafi da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, da ɗan littafin da aka riƙa rubuta yadda yake wuni.